Bushiya a Saman Rumbu

A ƙauyenmu na kusa da Abaji, tun wurin da ake kira Abuja yanzu bai wuce daji da gonaki ba, ba a fara tatsuniya sai an tura doya cikin garwashi. Kakata, mahaifiyar Babana, ita ke riƙe da wuƙar kankare ƙonon, saboda haka ita ke da iko da cikinmu da kunnenmu. 'Yar Gbagyi ce, Hausarta a kasuwa ta tsince ta wajen Fulani masu nono. In muka yi mata dariya, sai ta ce wanda ya fi ta Hausa ya tashi ya gasa tasa doyar.

Babana ɗan adawa ne. Ya bar koyarwa ya shiga siyasa, kuma sau uku ana ɗaure shi a kan yin lacca ba izini. A fitowa ta uku ya dawo a rame yana tari, ya gaya wa Kaka ya bar siyasa, gona zai koma. Ban taɓa ganin farin ciki irin nata na ranar ba. Mako guda muka yi da uba a gida, ina bin sa duk inda ya sa ƙafa.

Sai ga mutane daga ƙauyuka, wasu a keke, wasu a ƙasa. Suka zauna gindin mangwaron ƙofar gidanmu. Ba su yi faɗa ba, ba su ma roƙe shi ba, zama kawai suka yi. Baƙo kuma ba a korarsa, dole aka riƙa kai musu tuwo. Hanyar gona ta gabansu ta bi, don haka Baba ya kwana uku bai leƙa waje ba. A yammacin kwana na uku ya jawo turmi ya zauna a bayanmu wurin tatsuniya, abin da bai taɓa yi ba.

Kaka ba ta dube shi ba. Ta juya doya ta ce yau labarin bushiya ne.

Wai an yi yunwa a garin dabbobi, zaki ya ce rumbun gari babu ko ƙwaya. Kowa ya san ƙarya ce, kowa ya yi shiru, sai bushiya ta ce a bar ta ta leƙa. Kun san rumbu ta sama ake shiga, ita kuwa ƙafarta ba ta hawa. Dabbobi suka jingina tsani, suka miƙa ta hannu zuwa hannu har bakin rumbun. Ta leƙa, ta ɗaga murya ta ce dawa ce fal. Jin tafiyar zaki, kowa ya watse, mai tsani ya gudu da tsaninsa.

Zaki bai taɓa ta ba. In ya yi baƙi ma sai ya nuna musu ita, ya ce su duba, a garinsa kowa na faɗin abin da ya ga dama. Kullum da safe bushiya ta faɗi dami nawa aka fitar, dabbobi su yi ta jinjina mata daga cikin ramukansu. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Ranar da zaki ya tafi farauta, ta roƙi dabbobi su kawo tsani.

Nan Kaka ta ƙanƙance murya irin ta zomo. "Haba bushiya, in kai ya sauko, wa zai gani mana?"

Muka jira ƙarshe, sai muka ga ta fara rabon doya. Na tambaye ta ina sauran, ta ce babu, bushiya tana can har yau.

Baba ya yi gyaran murya. "Iya, a ce ta diro da kanta fa?"

"Ya diro, ya karye," in ji Kaka. "Su kuma su ce shi ya gudu ya bar su."

Baba ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da safe ya sa babbar riga ya fita gindin mangwaro. Na yi kuka har na shiɗe.

Daga nan siyasa ta tafi da shi. Ya tsaya zaɓe ya faɗi, ya sake tsayawa ya sake faɗi. Da soja suka hana siyasa mun ɗauka ya samu kansa, ashe masu kawo kuka ba ruwansu da doka. Da aka dawo da jam'iyyu, tasu ta ɗora shi shugabanta na ƙasa. Yana can wajen yaƙin neman zaɓe Kaka ta rasu, kafin ya iso an rufe ta.

Shekaru da yawa ina jin haushin dabbobin nan. A ganina matsorata ne, masu son wani ya sha rana a madadinsu, kuma na tabbata ni ba irinsu ba ce. Da Baba ya tsufa, na je gaishe shi a gidansa na Abuja. Ya sallami kowa, ya ciro takarda daga aljihu ya miƙo mini. Takardar murabus ce daga shugabancin jam'iyya. Ya ce ni ce ta farko da ya nuna wa, so yake ya koma ƙauye ya ga girbin kaka ɗaya a gonarsa.

A lokacin an kama mana malamai biyu a makarantar da nake koyarwa, kuma babu mai magana a kansu sai shi. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ce ya daure ko zuwa bayan zaɓe, don in ya sauka yanzu ba mu da kowa.

Sai ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya tambaye ni lafiyar yara. Bai sake ɗaga maganar ba, kuma a kan kujerar ya rasu. Ni kaɗai ya roƙa, ni kuma na hana.