Ɗakin Baba Bukar

Wata ranar Juma'a, a farkon damunar da nake aji huɗu, Kaka Falmata ta mare ni marin da har yau nake tunawa da zafinsa. Muna wasan ɓuya a gidanmu na Umarari, sai na ce wa ƙawata ta shiga kangon can ta laɓe. Ashe Kaka tana bayana tana tsince shinkafa.

"Kango shi ne ɗakin da aka daina jiran mai shi," in ji ta. "Wannan ɗakin Bukar ne."

Baba Bukar ƙanen mahaifina ne. Gawayi yake sarowa a hanyar Konduga, ya fita da kekensa wata safiya a shekarun tashin hankali, bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Ɗakin nasa na ƙasa ne, bangonsa ya tsage, gara ta fara cin azara, kwanon rufin yana yoyo. Ni dai a idona kango ne, har ga Allah. Mahaifina ya so a yi sadaka a rushe shi, Kaka ta ce sai dai a rushe da ita a ciki.

Daga ranar aka ɗora mini aikin ɗakin. Kullum bayan la'asar sai in share, in kakkaɓe tabarmarsa, in ɗebo garwashi a kasko, Kaka ta zuba turaren wuta, mu rufe ƙofa. Ta ce hayaƙi yana korar gara, kuma ɗakin da ba ya jin numfashin mutum faɗuwa yake yi. Idan hadari ya haɗo, mu kwaɓa ƙasa mu liƙe tsagar da hannunmu, ruwa ya wanke, mu sake. Na tsani aikin nan, ina kuma jin tsoron takalmansa da ke jere a bakin ƙofa.

Bayan rasuwar Kaka babu wanda ya sake kai wuta ɗakin, damunar da ta biyo baya rufin ya rufta. Yanzu tafasa ce ta tsiro a inda tabarmar take. Kwanan baya na kai 'yata gidan, ta nuna wurin ta ce, "Mama, kangon nan na waye?" Na buɗe baki zan gyara mata cewa ɗaki ne ba kango ba, sai na ji na ce na Baba Bukar ne. Ashe da muka binne Kaka, tare da shi muka binne ta.