Tambayar da na yi wa Baba Saje a gaban surukarsa

Har in bar aikin jinya ba zan manta da Talatar da aka kawo Baba Saje asibitinmu na Zuru ba. Tsohon soja ne daga Dabai, ya haura sittin. Ciwon baya ya hana shi noma, ƙafafunsa kuma sun fara sagewa. Likita ya rubuta a kai shi Sakkwato a yi masa hoton MRI, tunda mu ba mu da injin.

A ƙa'ida, kafin a tura majinyaci sai nas ta cika takardar tambayoyi, domin injin nan ƙaton maganaɗisu ne, dole a san ko akwai ƙarfe a jikin mutum. Ni ce babbar nas a ɗakin maza lokacin, kuma ina ji da kaina. Na same shi da babban ɗansa, da matar ɗan, da faston cocinsu. Ban ce kowa ya fita ba. Na yi abin da na saba, wato tsoratarwa, don kada a ɓoye mini komai.

"Baba, injin nan duk ƙarfen da ya samu fizgo shi yake yi, ko a cikin nama yake. Akwai harsashi, ko wani abu da aka dasa maka?"

Ya dubi surukarsa, ya dubi ƙasa. "Babu komi, ɗiyata."

Na rubuta babu, na wuce gado na gaba.

Ranar tafiya ya ce ba inda za shi. 'Ya'yansa suka yi lallashi, suka yi faɗa, ya ce a mai da shi gida. Ni kuwa har da cewa abokan aiki taurin kan tsofaffin sojoji sai su.

Bayan mako biyar aka dawo da shi a kan tabarma, ƙafafun ba sa motsi, fitsari ya tsaya. Nas namiji da ya je sa masa robar fitsari shi ya zo ya raɗa mini cewa akwai abu a jikinsa. Na kori kowa, na ja labule. Sai Baba Saje ya zaro wani ɗan kati daga aljihunsa. Ashe shekarun baya, bayan ciwon sukari ya kashe masa gaba, an dasa masa na'ura a cikin mazakuta don ya iya kusantar iyalinsa. Daga shi sai matarsa suka sani.

Na buga waya Sakkwato wurin mai ɗaukar hoton, na karanta masa sunan na'urar da ke kan katin. Ya duba ya ce, "Sista, wannan ai ba matsala, muna shigar da masu irinta. Yawancinsu haka suke. Wasu tsofaffin samfuri ne kawai muke gudu, shi ya sa muke son katin."

Aka kai shi Sakkwato, aka yi hoton lafiya lau, ko gezau na'urar ba ta yi ba. Amma hoton ya nuna ƙari ya danne lakar bayansa. Likita ya ce da tun farko aka gani, da watakila tiyata ta ceci ƙafafun, yanzu kam lokaci ya wuce.

Na je na ba shi haƙuri. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

"Kin ce fizge shi za ya yi," in ji shi. "Mi zan ce gaban matar ɗana? Da kin fitar da su, da na hwaɗa miki."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji ni. Takardar da na cika ba kuskure ko ɗaya a cikinta, kowane layi na tambaya, na sa hannu. Sai dai mutanenmu sun gwammace su rasa lafiya da su tozarta a gaban nasu. Ku fitar da kowa kafin ku tambaya, kuma kada ku faɗi abin da ya wuce gaskiya don ku tsorata mutum. Baba Saje ya yi shekara biyu a keken guragu kafin ya rasu, kuma duk zuwan da ya yi asibiti, shi yake fara gaishe ni.