Ruwan Murjani da Yakuwar Umma

Duk tsawon zamana a Dubai, akwai abu guda da ba ya gogewa daga raina, wato lokacin da na haɗa matatar ruwa a kicin ɗina, Umma kuma ta zo daga Kano ta same ni a kai. Shekarar da ta gabaci korona ce, ina aiki a wani kamfanin lantarki, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan filat a Al Qusais.

Kaɗaici ne ya sa na fara kiwon murjani. Na sayi tankin gilashi na ajiye a falo, na zuba ruwan gishiri, na jera duwatsu, na sa murjani mai rai da ƙananan kifaye masu launi. Da farko abin sai wanda ya gani. Bayan 'yan watanni sai gansakuka ta lulluɓe duwatsun, murjanin ya fara koɗewa, wasu suka daina buɗewa gaba ɗaya. Kullum in na dawo aiki sai in tsaya ina kallonsu suna mutuwa a hankali, na rasa inda matsalar take.

Wani mai shagon kifi a Deira ne ya gano min. Ya tambaye ni ruwan da nake haɗa gishirin da shi, na ce na famfo. Ya girgiza kai, ya ce ruwan famfo lafiya lau ne ga mutum, amma murjani ba ya jure kulorin da sauran abubuwan da ke narke a ciki, waɗanda kuma su ne abincin gansakuka. Ya ce ko in riƙa zuwa ina ɗaukar tataccen ruwa a jarka, ko in haɗa matata a gida. Da na tuna hawa jirgin ƙasa na metro da jarkoki a zafin Dubai, nan take na zaɓi matata.

Na sayi kayan a rarrabe na haɗa da hannuna a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ruwa na fara bi ta wani kwanso mai tare tsatsa da laka, ya shiga na gawayi mai shanye kulorin, sannan ya ratsa wata siririyar fata da ke yin ainihin aikin, daga ƙarshe ya wuce ta cikin wasu ƙananan ƙwayoyi da ke tsince abin da ya saura. Mai shagon ya gargaɗe ni da in riƙa kunnawa da sassafe, kafin tankin saman bene ya ɗauki zafi, don ruwan zafi na lalata fatar. Abin da ban damu da shi ba a lokacin shi ne matatar na da tiyo biyu. Ɗaya na ɗigo da tataccen ruwa kaɗan-kaɗan, ɗayan kuma na kwarara da wanda aka ƙi, kai tsaye cikin magudana, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba.

A wannan makon Umma ta iso, za a cire mata yanar ido. Ganinta ya yi rauni ƙwarai, amma kunnenta ras yake. Washegari da safe tana zaune kan sallaya ta kira ni, ta ce in je in rufe famfon da na bari a buɗe. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, har da alfahari. Ta saurara har na gama.

"To, kifi ya sha wanda ya fi nawa kyau, na yafe," in ji ta. "Amma sauran ruwan, laifin me ya yi da za a zubar?"

Na ce ai haka na'urar take aiki. Ta ce ita da take jiran mai ruwa ya turo kura har ƙofar gida kafin a ɗora girki, ba za ta zauna tana jin ruwa na tafiya a banza ba, ko a ƙasar wa take. Ta sa na zaro tiyon daga magudana na jefa cikin bokiti. Da shi aka goge ɗaki ran nan, da shi aka yi wanki.

Bokiti dai ba ya jiran kowa. Ranar da muka je asibiti a duba ta kafin aikin idon, muka fita muka bar matatar a kunne, kowannenmu yana zaton ɗayan ya kashe. Muna dawowa, na tura ƙofa, sai ga silifas ɗina yana yawo a kan ruwa a ƙofar kicin. Na tsaya riƙe da makulli, Umma kuwa da ta ji sanyi a ƙafarta sai ta fashe da dariya, har da riƙe bango. Ta naɗe bakin zanenta, ta ce in miƙo mata tsintsiya, yau filat zai ga wankan da bai taɓa gani ba.

Wannan ambaliyar ce ta sa na gyara aikin da kyau. Na samo duro na ajiye a baranda, na ja tiyon har can, na sa masa irin balbal ɗin nan na tankin banɗaki da ke tsayar da ruwa in ya cika. Umma ta sa wata 'yar kasuwa da ke zuwa sari kasuwar Naif ta taho mata daga Kano da irin yakuwa da alayyahu, muka shuka a tsofaffin bokitan fenti. Ni kuma na ci gaba da canja wa tankin murjanin ruwa kaɗan-kaɗan duk mako. Gansakuka ta fara ja da baya, murjanin da na fid da rai da su suka soma leƙowa.

Aikin idon ya yi kyau. Da aka cire mata bandeji muka dawo gida, ta wuce kai tsaye gaban tankin, ta ja kujera ta zauna. Ta ƙura wa duwatsun ido. Wani koren murjani na kaɗa 'yan yatsunsa cikin ruwa, ta kai fuskarta daf da gilashi.

"Ashe motsi suke yi," ta faɗa a hankali. "Ni duk zatona furen roba ka sa ake wa wannan hidima. Allah mai iko."

Daga ranar ita ke tashina in kunna matata tun ruwa bai yi zafi ba, ita ke leƙa duro ta ga inda ya kai. Kafin ta koma Kano mun ci miyar yakuwar baranda da tuwon shinkafa, muna zaune a ƙasa gaban tankin.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya ƙwallafa rai kan abin da yake so ya samu, idonsa ba ya zuwa kan abin da yake zubarwa a hanya, sai wani na kusa da shi ya nuna masa. Ni ɗigon tataccen ruwa kawai nake kallo, Umma kuma da idonta a rufe ta ji wanda ke tafiya. Har yau duk abin da zan haɗa, a gida ko a wurin aiki, sai na fara tambayar kaina ina sauran zai je, kafin in kunna.