Minti Biyar a Kan Ciyawa

Wayyo daɗi! Yau dai Kawu Sabitu ya dawo!

Shekara goma sha ɗaya rabonsa da Gusau. Wallahi ko kayan makaranta ban cire ba nake rubuta muku wannan.

Ya kawo min rigar ƙwallo, har gwiwa ta kai min. Amma da jaka ɗaya ya zo. Ɗaya fa!

Na tsare shi a zaure, sai da ya gaya min dalili.

Aikinsa a Turai shi ne kula da ciyawar filin wani kulob na ƙwallon ƙafa. Mai kulob ɗin attajiri ne ɗan Rasha, Oga Fedor. Kamfanonin takin zamani, jirgin sama nasa na kansa, gidaje a ƙasa huɗu.

Duk da haka abin da ya fi so, in 'yan wasansa sun ci, washegari ya zo ya cire takalmi da safa ya taka ciyawar. Kawu na masa faɗa, shi yana dariya.

Wata rana sai ya saɓa da manyan ƙasarsu.

Aka ƙwace kamfanonin. Kulob ya koma hannun wasu. Suka ce kar a ƙara ganinsa a wurin, kuma duk wanda ya buɗe masa ƙofa, a bakin aikinsa.

Bayan wata shida, da safe, Kawu na wanke injin yankan ciyawa, ya ji ana buga ƙaramar ƙofar baya.

Oga ne. Ba direba, ba 'yan rakiya. Ya rame.

"Sabitu, minti biyar. In taka kawai in tafi."

"Oga, ga kamara can tana kallonmu. In aka kore ni, zamana a ƙasar nan ya ƙare."

"Na sani. Kowa na buga wa waya. Ba wanda ya ɗauka."

Kawu ya buɗe.

Oga ya tsuguna, igiyar takalmi ta ƙi kwancewa. Da ƙyar ya cire ɗaya.

Kafin ya taɓa na biyu, masu gadi sun iso.

Safa ce kawai ta taka ciyawar. Suka fita da shi, takalminsa ɗaya a hannu.

Ranar aka karɓe makullin Kawu. Da aiki ya tafi, takardun zama suka bi shi.

Na ce, "Kawu, to ya kira ka ya yi godiya?"

Ya ce, "Ina zai samu lambata? Sunana kawai ya sani."

Sai ya juya yana kallon bango. Ni kuma rigar ta daina min daɗi.

Darasi: Abin da kake cewa naka, wata rana sai ka roƙi minti biyar a kansa a hana ka. Kuma in babba ya faɗi, ba ya faɗuwa shi kaɗai, yana tafiya da wanda ya ji tausayinsa.

Ku tura wa ƙawayenku su karanta.

Amma don girman Allah, ban da 'yan unguwarmu. Kakata Inna Dubu tana tsakar gida tana rabon cingam, tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya zo hutun wata ɗaya.

Kar ku gaya mata tukuna. Ku bari ta gama murnarta ta yau.