Yatsa Biyun da Na Yanke wa Hular Baba

Ranar Asabar ce, saura mako guda babbar Sallah ta shekarar 2011, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. An fito da teburan ajujuwa an jera a ƙarƙashin darbejiyoyin filin makarantarmu da ke Malali, an lulluɓe su da zannuwan da muka aro wurin iyayenmu mata, an baza kayan da muka yi wajen wata biyu muna haɗawa. Ina tsaye bayan tebur na ƙarshe, gumi ya jiƙa mini hijabi, a gabana hula ɗaya tak, ruwan toka mai ratsin shuɗi. Baba ya iso tare da maƙwabcinmu Alhaji Tanimu, abokin aikinsa a ofis kuma abokin tsokanarsa. Ya cire tsohuwar hularsa ya ba Alhaji Tanimu ya riƙe, ya ɗauki tawa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya ɗora a kai. Hular ta zauna a can ƙololuwa kamar murfin buta. Ya danna ta, ta ɗago. Ya sake dannawa, ta sake ɗagowa a hankali, ba ta ko gaggawa.

Asalin abin daga Malam Jibrin ne, malaminmu na kwamfuta, wani siririn mutum da ba ya rabuwa da tsumman goge gilashi. A farkon zangon karatu ya shawo kan shugabar makaranta cewa a yi kasuwar Sallah: kowane ɗalibi ya zana abu a kwamfuta, ya fitar da zanen a takarda, sannan ya je ya mayar da shi aikin hannu irin na gida, a sayar wa iyaye su yi tsaraba da shi. Kwamfuta shida ce a ɗakin, huɗu ke tashi, mu kuwa mun haura arba'in. Da an kawo wuta sai ka ji ihu daga kowane aji, a ruga a guje, a cire takalma a bakin ƙofa kamar za a shiga masallaci. Wasu suka zana furanni don faifai, wasu taurari don jakar fata, wasu suka yi katin gaisuwa da za a yi wa baki da saƙar kaba. Malam Jibrin yana zagayawa a bayanmu yana nanata maganarsa ta kullum: "Ku ba ta lamba daidai, ta ba ku aiki daidai. Kwamfuta ba ta san wajen kaza ba."

Maganar nan ta zauna mini, domin ni ma ban san wajen kaza ba. Ni ce yarinyar da ke ja wa littafinta layi da rula ko da aikin gida na wasa ne. Lokacin tara, sa'ad da 'yan ajinmu ke carafke da 'yar gala-gala, ni ina gindin taga da littafi, ina fatan kada kowa ya kira sunana. A gida ma haka: in an ce in auna shinkafa gwangwani uku, sai na shafe saman kowane gwangwani da bayan wuƙa, har Mama ta ce, "Ummi, abinci za mu dafa, ba allura za mu yi wa mutum ba." Ummi ake kirana don sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. Shi bai taɓa faɗin sunana ba, Uwata yake cewa, kuma in na kawo masa ruwa yakan karɓa da hannu biyu.

Saboda haka na ce hula zan yi, kuma a zuciyata na riga na san wanda zai saya. Sai dai a gidanmu 'ya ba ta tsayawa a kan ubanta da tef tana zagaya masa kai. Ko tambayarsa lambar da yake sawa na kasa. Sau biyu ina zuwa bakin falo da maganar, sai in ɓige da cewa ko a ƙaro masa shayi. Ranar wata Juma'a, bayan ya dawo masallaci ya kishingiɗa, na lallaɓa na sauko da hularsa daga ƙusa, na shige bayan tankin ruwa da tef ɗin ɗinkin Mama. Na auna cikinta sau uku. Inci ashirin da uku, ba ƙari ba ragi. Na rubuta a littafi, na ja layi biyu a ƙasa.

Zanen ya ci mini sati biyu. Na jera 'yan murabba'ai masu hawa-hawa, kowanne ya yi daidai da ɗan'uwansa, na ƙirga su gaba da baya. Da firinta ta fitar da shi a takarda uku da za a haɗa, Malam Jibrin ya ɗaga wa aji ya ce a dubi aikin da ba hannun kakar kowa a ciki. Na sunkuyar da kai, amma daɗi ya kusa kashe ni.

Saura hannun da zai koya mini ɗinki. Yayar Baba, Gwaggo Lami, a Rigasa take zaune, kuma tun ina jaririya ɗinkin hula ne sana'arta. Muka bi ta Babbar Kasuwa da Mama muka sayi farin yadi da zare, muka hau bas, muka same ta a tsakar gida kan tabarma, tabarau ɗaure da zare a bayan kunne, awaki na leƙen kwandon kayanta. Ta juya takarduna sama da ƙasa, ta ce injin ya iya zane, Allah ya ƙara masa basira. Na faɗa mata lambar da murya ƙasa-ƙasa. Ta shimfiɗa yadin, ta auna ashirin da uku da wani tsohon tef da lambobinsa suka goge, ta bar wurin haɗi, sannan ta ɗora yatsunta biyu a gaban alamar, ta yanke a bayansu. Ta naɗe yadin ta miƙo mini. Ita ba mai bayani ba ce, in ka tambaye ta dalilin abu sai ta ce, "Haka ake yi." Ta koya mini sarrafa allura a kan wani ƙyalle har la'asar, ta cika ni da ɗanwake, ta sallame mu.

Da muka dawo gida na ɗauko rula. Yadin ya zarce zanena da inci ɗaya da 'yan kai. Na auna daga dama, na auna daga hagu, ƙarin yana nan. Sai tausayin Gwaggo ya kama ni: ga tsufa, ga tef ba lamba, ga ido ya yi rauni. Na ga bai kamata in kunyata babbar mace a kan ɗan kuskure ba. Na ɗauki almakashin Mama, na yanke ƙarin nan tsaf, na jefa shi a murhun gawayi don kada ma a gani. Na kwanta ina jin na rufa wa Gwaggo asiri.

Na kwafe zanen a kan yadi da takardar kabon, na shiga ɗinki. Bayan wanke-wanke ɗinki, bayan Islamiyya ɗinki, har a layin ɗiban ruwa in famfo ya kawo. Yatsana ya yi kanta. A sati na uku Baba ya gan ni a baranda, ya tambaya, Mama ta tona. Sai ya ce, "To, bana ba zan sayi hula ba. Ta Uwata zan sa in je Idi." Kuma bai tsaya nan ba: ya ɗauki guntun zarena ya kai kasuwa, ya zaɓo shadda ruwan toka da za ta shiga da shi, ya kuma gaya wa duk mutanen ofishinsu.

Ranar da na soke allurar ƙarshe, na ɗauko rula don in ji daɗi. Ashirin da biyu ba kaɗan. Na canza rula. Na ɗauko tef. Duk bakinsu ɗaya. Ban taɓa yadin da almakashi ba tun ranar farko, amma ya tsuke kamar an sa masa tsamiya. Ban gaya wa kowa ba. Bayan an haɗa ta an sa mata sama, na kifa wata tukunyar Mama na cusa mata hular, na ɗora ƙamus a kai, na ɓoye a ƙarƙashin gado kwana uku. Mama ta yi ta neman tukunya tana zargin maƙwabta. Da na kai wa mai wankin hula na bakin titi, ya sa hannu ciki ya juya, ya ce, "'Yammata, ta ƙaninki ce?" Na ce a'a, na roƙe shi ya ɗora ta a kan icen gugar hularsa mafi girma. Ya ce ice ba ya ƙara abin da babu.

To ga shi yanzu a filin makaranta, hula a ƙololuwar kan Baba, iyaye sun fara waiwayowa. Alhaji Tanimu ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya ce, "Malam Sani, kai ne ka yi girma ko ita ce ba ta gama girma ba?" Malam Jibrin ya taho da sauri yana cewa ba zai yiwu ba, lambar na nan a kwamfuta. Ni kuwa idona ya cika, ina kallon ƙafafun tebur. Abin da nake tsoro shi ne Baba ya cire ta ya ajiye, ya ce ba komai, a yi wa wani yaro kyauta. Sai na ji ya ce, "Alhaji, kai ba ka san yayi ba. Haka ake sa ta kwamfuta." Ya biya ba tare da ya nemi ragi ba, ya juya a hankali, wuya a sandare, ya nufi mota kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Duk satin Mama tana lallashinsa ya je kasuwa ya sayo wata, ya ƙi. Ranar Sallah da safe ya aske kansa ƙwal, wai ko za a samu ɗan wuri, ya sa sabuwar shadda, ya ɗora hular. Abin da ya faru a filin Idi daga bakin Alhaji Tanimu muka ji, ana cikin fiɗar rago, yana ba da labari yana share hawaye. Wai kabbarori duk sun wuce lafiya. Da aka yi ruku'u na farko sai hular ta sauka, ta gangara a kan gefenta ta ratsa sahu biyu. Bayan sallama aka yi ta miƙo ta baya hannu da hannu, wani dattijo ya ɗaga ta sama yana tambaya, "Hular yaron wa ce?" Baba ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya ce, "Tawa ce. Uwata ta ɗinka mini." Dattijon ya dubi furfurar gemun Baba, ya dubi hular, ya ce lallai an daɗe ana ajiyarta.

Washegari muka kai wa Gwaggo nama. Tun daga zaure ta hango kan ƙaninta, ta ajiye muciyar da ke hannunta. Ta ce ita ta goya shi, ta san kan nan tun yana laushi, kuma ita ba ta taɓa yanka yadin da ya gaza shi ba. Ta karɓi hular ta zagaya ta da taƙin hannunta, ta dube ni ta saman tabarau. "Ummi, ina yatsuna biyu?" Na ce, da muryar da ni kaina da kyar na ji, na ɗauka kuskure ne, na gyara mata. Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta lafa ta jawo ni, ta ɗauko wani yadi da ba a fara ba da wani da aka gama, ta haɗa su baki da baki. Wanda aka ɗinke ya gaza. "Zare yana cin yadi," ta ce. "Kowace sukar allura tana jan nata. Injinku ya auna kai, amma bai bar wa zare abincinsa ba." Sannan ta kama yatsuna biyu ta danna su a kan yadin, ta ce nawa ƙanana ne, in riƙa sa uku har in girma. Shi ne bayani mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta.

Baba ya ci gaba da sa hular kowace Juma'a har ƙarshen shekarar, ya ƙware wajen dafe ta da hannu ɗaya in zai shiga mota. Ni kuma ban sake yanke abin da ban tambayi dalilinsa ba, ko da yake tambayar ta ɗauke ni shekaru kafin ta daina yi mini nauyi.

Yanzu a waya ake zana hula, inji ya ɗinke ta kafin shayi ya huce, kuma da wuya ta gaza ko ta zarce. Ni ma zane nake yi a kwamfuta ina ba mata masu ɗinkin hannu a Rigasa, su kaɗan da suka rage a layin Gwaggo, wadda ta rasu shekaru shida da suka wuce. Duk zanen da zan fitar sai na bar fili a gefen dama, wanda ba na iya faɗa wa kowa lambarsa. A Sallar bara Baba ya buɗe akwatinsa ya fito da hular nan, shuɗinta ya koɗe, ya ɗora wa ɗana mai shekara bakwai. Ta zauna masa daidai, har kunne. Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, ashe ba ki yi kuskure ba, mai ita ne bai iso da wuri ba."

Na yi dariya, amma hannun da na so ya zagaya ta da taƙi ba ya nan.