Babur a Gindin Gadon 'Yata

Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. A lokacin da abin nan ya same ni, ni gwauruwa ce mai sayar da ƙosai da kunun gyaɗa a bakin kasuwar garinmu, can kudancin Kaduna. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na gama haihuwa na shiga ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata a cocinmu, don haka in kun ga rubutuna ya karkace ku yi mini uzuri. A unguwa an san ni da haƙuri, har matan da suka yi faɗa da mazajensu wurina ake turo su, in zaunar da su in ce su koma, komai mai wucewa ne. Ina jin daɗin wannan suna ƙwarai. Ban san wata rana shi zai kusa raba ni da 'yata ba.

Babbar 'yata tana aiki a wani ofishin kago, wato na jigilar kaya, a Al Khabaisi, a Dubai. Da wani saurayi ɗan wajenmu ya fito nemanta, mai gyaran na'urar sanyi a wata ma'aikata, sai ta nema mini biza in je in gan shi da idona, tunda mahaifinta ba ya raye. Ranar Lahadi bayan sujada muna tsaye a inuwa sai ga shi ya zo a kan babur. Ni dai ban fara kallon mutumin ba, babur ɗin na kalla. Baƙi ne, da fitila ɗaya zagayayya, da siririn zane ruwan zinariya a gefen tanki, da roba inda gwiwa take taɓawa, mazaunin kuma fata ce ruwan ƙasa. Sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, don irin babur ɗin mahaifina ne sak. Baba malamin asibiti ne na mishan, wani Bature da zai koma Ingila ya bar masa tsohon babur ɗinsa. A kansa yake ɗaure akwatin magani ya shiga ƙauyuka, a kansa yake ɗauko mata masu naƙuda, kullum babur ɗin yana ɗigar da baƙin mai a ƙofar gida, Baba yana lallaɓa shi. Na ce wa saurayin nan Allah ya sa masa albarka, a gari irin wannan da kowa ke neman sabo shi ya riƙe tsohon abu yana kula da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, Mama.

Da muka koma masauki 'yata ta yi dariya ta ce babur ɗin nan sabo ne dal, haka ake ƙera su yanzu a Ingila da kamannin na da, masu son gayu ke saye. Na ce ta daina shirme, ni a duniya na san a shafa wa tsoho fenti ya zama kamar sabo, ban taɓa jin an wahala an ƙera sabo don ya yi kama da tsoho ba. Sai ta daina dariyar, ta ce ita abin da ke damunta shi ne in suna hira duk inda ta kai zance sai ya dawo da shi kan babur, kuma ranar da ta ɗora jakarta a kan tankin sai da ya yi kwanaki ba ya amsa wayarta. Na ce ai namijin da ya iya tattalin ƙarfe zai iya tattalin mace. Na kawo mata labarin kakanta daga farko har ƙarshe. Yarinya ce mai jin maganata. Aka yi aure.

Zuwana na biyu cikinta ya tsufa, na je in zauna har ta sauka. Lokacin zafi ne, irin zafin da in ka buɗe ƙofa kamar ka leƙa tukunyar tuwo. Suna zaune a Hor Al Anz, a ƙasan wani tsohon gida da mutane da yawa ke rabawa. Ɗaki ɗaya gare su mai na'urar sanyi, sai wani lungu a bakin ƙofarsu da aka kewaye da katako, bai kai rufi ba, babu taga, nan aka sa mini katifa da fanka. Ina shiga ɗakinsu in ajiye tsaraba na yi karo da babur. Yana tsaye a gindin gado a kan darduma, an lulluɓe shi da zanen gadon da zumuntar mata suka ba 'yata ranar biki. Surukina ya yi mini bayani a hankali, ya ce rana tana fasa fatar mazaunin, iskar teku kuma tana sa ƙarfe tsatsa, don haka duk masu irinsa ciki suke shigar da shi har sanyi ya dawo. Ɗakin kuwa warin fetur da giris ne kawai. 'Yata da ko warin albasa ba ta iya ɗauka, in ta kwana ciki sai ta wayi gari tana amai. Kafin mako ya zagayo ta kwaso filonta ta dawo lunguna, muna raba katifa ɗaya, fanka tana juya mana iska mai zafi. Shi da babur suna cikin sanyi. Mutumin da sana'arsa ke nan, sanyaya wa wasu wuri.

Ta roƙe ni in yi masa magana, ta ce ni ce yake jin nauyi. Na ce mata tsakanin suruka da suruki akwai kunya, kuma ai ba korarta ya yi ba. Ki yi haƙuri, abin da na ce ke nan, kamar yadda na saba faɗa wa matan unguwa. Ƙafafunta sun kumbura, wuyanta duk ƙurajen zafi, ina shafa mata hoda ina cewa saura kaɗan.

Duk Asabar da rana abokansa biyu sukan zo. Ɗaya Bakano ne mai shagon waya, shi ma yana da irin babur ɗin, nasa kore. Ɗayan mutumin Nijar ne, ɗan kasuwa, ba shi da babur, hira da abincina ke kawo shi. Daga lungu ina jin su. Bakanon ya ce ranar da ya fara hawa nasa ji ya yi kamar an mai da shi zamanin kakansa, amma fa in ka yi nisa mazaunin nan bencin makaranta ya fi shi laushi. Surukina ya ce wanda ke neman laushi ya je ya sayi kujera, shi ƙarar injin yake saye, tana bugawa a ƙirji kamar ganga. Su yi ta musu a kan wane launi ya fi, da yadda injin ke gasa cinya in danja ta tsayar da mutum. Mutumin Nijar kuwa tsokanarsu yake yi, ya ce su 'yan acaɓa ne da ba su da fasinja, a garinsu babur buhun gero yake ɗauka, ba a shimfiɗa masa darduma. Su yi dariya su ce habibi, kai ba za ka gane ba. A bakin Bakanon na ji yana yabon masu ƙera shi, wai har wani ƙarfe suka manna a gefen injin da ba ya aikin komai, don dai ido ya ga kamar na da. A ranar na yarda da abin da 'yata ta faɗa mini tun farko. Na ji kunya, amma na haɗiye.

Asabar ɗin da ba zan manta ba, surukina ya sa wa babur sabuwar salansa, suna so su ɗauki ƙararta a waya su tura wa sauran mahaya su faɗi ra'ayinsu. Waje rana ce tsaka, suka ce ba za su fitar da shi ba. A cikin ɗaki suka tayar da shi. Da hayaƙi ya dame su ba su buɗe taga ba don kada sanyi ya fita, sai suka buɗe ƙofa, ƙofar kuwa lungunmu take kallo. 'Yata tana barci, ni ina kicin ina wanke-wanke, ina jin gida yana rawa, ina ce wa raina yanzu za su kashe. Suka ɗauki ƙarar, ba ta gamsar da su ba, suka sake. Da na ga abin ya daɗe na zo in duba ta. Hayaƙi ya taru a lungun kamar an toshe murhu. Na kira ta ba ta amsa ba. Na ɗaga hannunta ya faɗi.

Na tsaya a ƙofar ɗakin, kuma ko a lokacin, Allah ya gafarta mini, muryata a ƙasa take. Na ce, "Ɗana, a kashe wannan abin, matarka ba ta motsi." Bai waiwayo ba, hannunsa yana kan totur, ya ce, "Shwaiya, ɗan dakata kaɗan, Mama, yanzu za mu gama." Ban san lokacin da na shiga ba. Ina yarinya Baba ya nuna mini wani ɗan famfo a ƙarƙashin tanki da ake murɗawa a datse mai. Na durƙusa na kai hannu wurin, ina lalube, babu komai, sai ƙarfe mai sheƙi da ya ƙona mini yatsu. Mutumin Nijar ne ya ture surukina ya murɗa makulli. Shi mutumin Nijar ɗin da Bakanon suka yi lungu da gudu suka ɗago ta, shi yana ta faɗin yalla, yalla, a yi sauri, a buɗe ƙofar waje. Ina bin su na waiwaya in ga ko mijinta na tafe. Yana tsugune a gefen tanki. Awarwarona ya karce zanen zinariyar nan lokacin da nake lalube. Ya sa babban yatsa a baki ya jiƙa da miyau yana gogawa, yana karkata kai yana duba wurin da hasken waya. Na yi shekaru ina wanke kashin yara da gyambon tsofaffi, ban taɓa jin ƙyamar da na ji a wannan lokacin ba.

A motar mutumin Nijar muka kai ta asibiti. Likitoci suka ce hayaƙin ya shiga jininta, abin da ke cikin ma ya galabaita, dole a yi mata aiki a ciro shi kafin lokaci. Mace aka samu, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba. Ubangiji ya yi mana jinƙai, dukansu suka rayu. Surukina ya zo daga baya, ya tsaya a gaban gilashi yana kallon 'yarsa yana kuka, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, hawayen na gaske ne. Har zuciyata ta fara sanyi. Ya zo ya zauna kusa da ni a benci, ya share ido, ya tambayi yatsuna. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce ba wai wani abu ba, yana so ne ya sani don ya faɗa wa mai fenti, shin awarwaro ne ko zobe.

Na ce, "Awarwarona ne, ɗana. Je ka yi jinyarsa, mu ma za mu yi tamu."

Da aka sallame su 'yata ta ce ba za ta koma ɗakin nan ba, ta kalle ni tana jiran in ce ta yi haƙuri. Na ce ta ɗauki yarinyar, ni zan ɗauki jaka. Wata dattijuwa 'yar cocinmu ta ba mu wuri, can na yi mata wankan jego. Dattawa sun shiga maganar, ya amince ya fitar da babur, ya kai shi wani sito mai sanyi na abokinsa. Auren bai mutu ba har yanzu, amma ba su koma zama tare ba. 'Yata ta ce duk Asabar sai ya je siton ya tayar da shi kada batir ya mutu, wurin 'yarsa kuwa sai in ya samu sarari.

Na daɗe ina tunanin abin da ya ruɗe ni. Ashe ba kamannin babur ɗin Baba ne ya sa muke ƙaunarsa ba. Mazauninsa ya sha jini da ruwan naƙudar matan da ba danginmu ba, Baba ya goge da tsumma ya koma ɗauko wata, ban taɓa ganin ya tsaya duba fenti ba. Ni na ga fitila da tanki na ɗauka na ga halin mutum. Iyaye mata 'yan'uwana, in kun je ganin mai neman 'yarku kada ku tsaya kan abin da ya tuna muku da mutanen kirki na da, ku tambayi wa abin ya taɓa ɗauka. In yarinya ta ce muku wani abu yana damunta, ku saurara, ta fi ku zama da mutumin. Haƙuri kuma abu ne mai kyau, amma ni na shafa shi kamar hoda a kan ciwon da ke neman wuƙa. Yanzu in an turo mini mace a unguwa, kafin in ce ta koma sai na tambaye ta inda take kwana. Tabon ƙunar yana nan a yatsuna, da su nake riƙe da biron nan.