Sayo Saniyar Azawak daga Babura

Daga Kazaure

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da Habu taubashina, wanda bakinsa ba ya hutawa. Dalilin tafiyar shi ne Baffa, ƙanin mahaifina da ya rene ni. Tun da ciwo ya sa ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe, ya daina fita ƙofar gida, fura ma sai an yi da gaske yake sha. Ni tela ne, ban san komai a kan shanu ba, amma na san abin da ke cin Baffa. Sai muka haɗa hannu da 'yan'uwa a sayo masa wata.

A wani shinge jami'i ya leƙo ya ce, "Ina zuwa?" Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, amarya za mu ɗauko wa tsoho." Har direba ya yi dariya.

Kasuwar Babura

Da hantsi muka shiga kara, inda ake cinikin shanu, zafin bazara kuwa ya fara tun da wuri. Shanu duk sun takure a inuwa, sai wasu jajaye masu gajeren ƙaho da siraran ƙafafu, suna tsaye a tsakiyar rana suna tuƙa abinsu. Mai su wani dattijo ne daga Nijar.

"Baba, waɗannan fa ba sa jin rana?"

"'Yan Azawak ne, ɗana. A rairayi aka haife su. Suna jure ƙishirwa, karan dawa ma ya ishe su, kuma ko a wannan zafin ba ka rasa nono. Bijimansu ne ke ja mana ruwa a rijiya mai zurfi."

Na ga wata mai maraƙa, ta kwanta mini a rai. Shi yana lissafi da sefa, mu da naira, dillali yana ta zufa a tsakani, ba a sallama ba sai bayan la'asar. Ana sallamawa dattijon ya sunkuya ya kwance igiyarsa daga wuyanta, ya naɗe ya sa a aljihu.

"Baba, igiyar fa?"

"Saniya na sayar maka. Makiyayi ba ya sayar da igiya, arzikin garke a jikinta yake."

Na dubi Habu, Habu ya dube ni. Masu sayar da igiya kuma duk sun tashi. Sai na warware sabon rawanin da Habu ya naɗa don gayu, muka ɗaure ta da shi, yana ta rantsuwa sai na biya shi.

Kanya Babba

Nan muka kwana gidan surukan Habu, aka cika mu da tuwon dawa miyar kuka. Da safe muka samu a-kori-kura mai zuwa Roni ta Kazaure. Mu biyu muka galabaita a bayan mota, ita kuwa saniya ko a jikinta.

Roni

Bayan azahar muka sauka a ƙauyenmu, kusa da Roni. Ina tsoron kada Baffa ya ƙi ko duban saniyar. Muna shiga zaure maraƙar ta yi kuka. Sai ga Baffa ya fito dafe da bango, ba sanda. Ya shafa tozon saniyar, ya duba haƙoranta, sannan ya ga rawanin.

"Wane marar kunya ne ya ɗaure 'yar Azawak da tsumma?"

"Habu ne, Baffa."

Ya juya ya kira matarsa. "Inna, ɗauko mini abin nan a ƙarƙashin gado."

Ta fito da tsohuwar igiya, ta yi baƙi don shan hannu. Ashe ita ce ya kwance daga wuyan saniyarsa ranar da ya sayar da ita. Da hannunsa ya ɗaura mata, ya ce a kawo ƙwarya a tatsi nono. Ni dai na koma gefe ina share hawaye don murna, ina yi wa Allah godiya da ya kai mu ya dawo da mu lafiya.